Ranar da Na Ɗaga Kai Na Kalli Dada

Ku matso, amma ta dama, don Allah. Duk wanda ya zo min ta hagu da labari, bango ya ba wa.

Ni ce dai Fiddausi mai injin markaɗe ta Yelwa, nan cikin Garwa. Masu cika min waya da tambayar yadda aka ƙare da zuwan dangin Hanzala, ku yi haƙuri, sai yau hannuna ya huta. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, bari in ɗan ja shi baya don kada ya ɓace.

Injin na Babanmu ne, Allah ya ji ƙansa. Shekara shida ke nan ni ke tsaye a kansa. Ranar jajibirin ƙaramar sallah, da hantsi, salansarsa, abin da ke rage masa ƙara, ta ɓalle ta faɗi. Na leƙa waje na ga robobi sun yi layi har bakin kwata: tattasai, tumatir, waken ƙosai, shinkafar waina. Ku gaya min, wa ke da ƙarfin halin ce wa matan Yelwa su kwashe robobinsu ranar jajibiri? Na ɗaure salansar da waya, ta sake faɗuwa, na shure ta gefe na ci gaba. Tun hantsi har la'asar sakaliya ina cikin ɗakin kwanon nan, injin yana ruri kamar zai tsaga rufin.

Da na kashe shi sai duniya ta yi min ɗif, kamar an cusa min auduga. Can kuma wani siririn fito ya taso a cikin kaina, fiiii, irin na butar shayi da aka manta a kan wuta. Na ce gajiya ce, gobe zai tafi. Aka yi sallah, aka ci tuwon sallah, aka gama yawon sallah, fito yana nan daram.

Goggo Ummuhani, yayar Babanmu, wadda tun rasuwarsa ita ce baki a gidanmu, ta ɗauki aikin magani. Man zaitun mai ɗumi, ruwan albasa, har da hayaƙi, wai ƙila wani ne ya shafe ni a bakin kwata. Kwana goma ina warin albasa. Allah ya taimake ni da Madam Florentine, ma'aikaciya a sashen kunne na lopital, wato asibiti, wadda ke kawo min niƙan gyaɗa duk Asabar. Ta yi min magana sau biyu ban juyo ba. A na uku ta kamo haɓata ta juyo da fuskata.

"Ma fille, 'yata, tun yaushe?"

Na ce kwana goma. Ta dafe kai. "Kwana goma kina zuba miya a kunne! Litinin in gan ki, ko in zo in ja ki."

Na je. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki mai kama da akwati, suka ɗora min abin ji a kai, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna maɓalli. Kunnen dama ya yi ƙoƙari, daga baya ma ya dawo kusan gaba ɗaya. Na hagu kam siraran sautuka sun tafi: kukan tsuntsu, ƙarar awarwaro, muryar mai magana ƙasa-ƙasa. Madam ba ta ɓoye min ba, ta ce ƙila wasu ba za su dawo ba. Na yi kuka a kan moto, babur ɗin haya, har gida, ba zan yi muku ƙarya ba.

Amma kukan na rana ɗaya ne. Na sa sabuwar salansa. Na sayi bushon, 'yan robobin toshe kunnen nan masu ruwan lemo, ba na tayar da inji sai sun shiga. Na daina zuba komai a kunne. Na gano shiru ne ke ba fiton ƙarfi, don haka fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa ba sa rabuwa da ni, in kuwa ruwan sama na dukan kwano, ranar hutu nake. Na ma raɗa masa suna, Malam Fito. Yanzu yana harkarsa ina harkata, wani lokacin sai na neme shi kafin in ji shi. Babban abin da Madam ta koya min kuwa shi ne, "Ki kalli bakin mai magana. Kada ki ji kunya, ki juya masa kunnen dama, ki ce ya maimaita." Da wannan nake ciniki, da shi nake faɗa da masu tsallake layi, kuma ban taɓa faɗuwa ba.

Mutum ɗaya ne duk duniya na kasa ce wa ya maimaita.

Hanzala ma'aikacin duba lafiyar shanu ne, shi ke dudduba su kafin su shiga mahauta. Dogo, mai sanyin magana, renon Fulani, in yana magana sai ka rantse rowar murya yake. Shekara guda yana zuwa zance zaurenmu. Kafin sallah, saƙon murya yake turo min, minti uku, minti huɗu, har da labarin sa mai taurin kai da ya kore shi ya haye katanga. Bayan sallah da 'yan makonni sai kawai ya koma rubutu.

*Ina wuni Fiddo. Ya aiki?*

*Kin ci abinci?*

*Zan zo Juma'a in sha Allah.*

Ni da ya kamata in yi hamdala, sai na kama jin haushi. Na ce shi ke nan, mutumin ya fara sanyi, ko muryarsa ba ya son kashe min. Kun ga halin zuciya ko? Tana ɓoye wa mutum abu, tana kuma fushi da shi.

Sau nawa na yi niyyar gaya masa! Goggo ce ta tsaya min a wuya.

"Kalma ɗaya ta fita daga bakinki, gobe duk Yelwa an ce 'yar Karimatu ta kurmance. Mutanen nan masu duba haƙorin saniya kafin su saya, ke za su ƙyale? A ɗaura tukuna. Bayan an ɗaura ki gaya masa duk abin da kika ga dama."

Na kalli Inna da aka ambaci sunanta. Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Goggonki ta fi mu sanin duniya." Amma ba ta ɗago ta kalle ni ba, kuma na san Innata.

Sai ga saƙo ran Laraba:

*Dada za ta zo daga Collire ran Asabar. Ta ce kafin baffanni su kawo gaisuwa sai ta gan ki da idonta. Ni zan kawo ta.*

Dada Astajam yayar mahaifinsa ce, ita ta rene shi tun yana shekara uku. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, Hanzala zai yi baƙin ciki, zai rame, amma ba zai tsallake maganarta ba. Wannan na sani tun ranar da ya fara ba ni labarinta.

To ga inda matsalar take, ku 'yan birni da ba ku san zaman gaban surukai ba. Yarinya mai tarbiyya a gaban babbar mace irin Dada, can nesa take durƙusawa, kai a ƙasa, ido a tabarma. Ba ta ɗagowa. A wurin Fulani kuwa abin ya ninka namu, semteende suke ce masa, kunyar da ake auna 'yar mutane da ita. Ni kuma da ido nake ji. A ce in sunkuyar da kai, daidai yake da a toshe min kunnen da ya rage.

Na gaya wa Goggo haka. Ta ce, "Ke dai ba ki da dabara. Ni ina me?"

Wallahi sai da ta tsara mana alama. Za ta zauna kusa da ni, ƙafarta a ƙarƙashin zanena. In ta taɓa min idon sawu da babban yatsa sau ɗaya, in ce "Jam," wato lafiya da Fulatanci. Sau biyu, "Useko," wato na gode. Sau uku, in yi murmushi in ƙara sunkuyawa. Kwana biyu muna gwaji a tsakar gida, Inna ce Dada, ta rufe baki da mayafi tana ƙunƙuni, Goggo tana taka ni kamar mai keken ɗinki. Inna ta yi dariya har da hawaye, ni ma na yi. Amma da na koma ɗaki sai na ji dariyar ta tsaya min a ƙirji.

Asabar na rufe inji tun sha ɗaya. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda aka yi wa hannu mai tattara, na sa farin mayafi mai bakin zare. Lallen da Zulfa ƙawata ta zana min ya kama ja wur. Goggo ta turara ni har na fara tari, sannan ta ɗaura min ɗankwali ta ja shi ya rufe kunnuwan biyu ruf.

"Goggo, ai kin ƙarasa ni."

"Haka 'ya'yan mutunci ke ɗauri. Wuce."

An share ɗakin Inna, an shimfiɗa sabuwar darduma, ga zoɓo mai sanyi a jug, ga kilishi, ga dambun kifin Binuwai a kwanon sha mai murfi. Bayan azahar na ji motsin moto a ƙofar gida, da ƙafafuna na ji shi kafin kunnena. Waya ta yi haske.

*Mun iso. Ina waje. Kada ki ji tsoronta, ba ta cizo.*

Ana kirana, wuta ta ɗauke. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit, Malam Fito kuwa ya ga fili ya miƙe ƙafa, fiiii, tun daga kunne har ƙeya.

Na shiga da sallama na durƙusa bakin ƙofa, inda ƙarami ke zama. Kafin in sunkuya na saci kallo ɗaya: 'yar tsohuwa siririya, fara, da carbi a hannu, ta kama bakin mayafinta ta rufe baki da shi. Kuma don ƙarin jaraba, ta haguna take zaune.

Na gaishe ta da Fulatanci, don duk ɗan Garwa da shi ya tashi. Daga nan ban sake jin komai ba sai wani ɗan gunji can nesa, kamar ana magana a gidan maƙwabta.

Taɓi ɗaya. "Jam."

Taɓi ɗaya. "Jam."

Taɓi biyu. "Useko, Dada."

Abin yana tafiya sumul, har na ji Goggo ta saki numfashi. Ina kallon zanen dardumar, ina ƙirga furanninta, gumi na bin bayana. Sai gunjin ya yi tsawo. Ya tsaya. Yatsan Goggo ya yi jim, sannan ya taɓa sau uku. Na yi murmushi na ƙara sunkuyawa.

Gunjin ya sake dawowa, tsawonsa ɗaya da na farko. Taɓi uku kuma. Na ƙara sunkuyawa har goshina ya kusa taɓa gwiwa.

Karo na uku, da ƙarfi Goggo ta danna min yatsa, har farcenta ya shige ni.

A nan ne abin ya tsaya min a rai. Tsohuwar nan ta taso tun daga Collire, ta sha kwaramniyar hanya da damina, don ta yi min tambaya ɗaya, ta yi ta sau uku, ni kuma ina yi mata murmushi kamar hoton kalanda. In an ɗaura a haka, wa zai riƙa taka min ƙafa a gidan Hanzala? Goggo zan tafi da ita cikin kayan ɗaki? Ni da nake tsayawa gaban mata talatin masu zafin kai in raba musu layi, yau ni ce abin dannawa? Na ji kunya, amma ba irin wadda ake so in ji ba.

Na ɗaga kai.

Na kalli Dada Astajam cikin ido. Na sa hannu na ja ɗankwalina baya, kunnen dama ya fito. Sannan na ja gwiwa, na ratsa tsakiyar dardumar, na wuce jug ɗin zoɓo, na zagaya na zauna daf da ita ta yadda damana ke wajenta.

"La'ilaha illallahu," in ji Goggo. Wannan kam na ji shi sarai.

"Dada, ki gafarce ni," na ce. "Ba rashin kunya ba ne. Tun da kika fara magana ban ji ko kalma ɗaya ba. Ƙarar inji ta taɓa min kunne da ƙaramar sallah. Na hagu ba ya jin magana ƙasa-ƙasa, kuma akwai fito a cikinsa da ba ya tsayawa. Na je lopital, ina bin abin da suka ce, na dama ya warke, ina aikina ina cinikina. Amma sai na ga bakin mutum nake jin sa da kyau. Duk jam ɗin da na ce miki, ba ni na ji ba."

"Zafi ne, Hajiya," Goggo ta tsoma baki da sauri, "mura ce ta kwana biyu, yarinyar..."

"Yaya," in ji Inna. Kalma ɗaya tak. A rayuwata ban taɓa jin Inna ta katse Goggo ba sai ranar.

Dada ta juyo wajena. Ta dube ni, ta dubi ƙafar Goggo da ta rage a miƙe a fili inda na taso, babban yatsan a sama. Goggo ta janye ta a hankali ta cusa cikin zane. Carbi ya ja ɗaya, biyu, uku. Na ce a raina, Fiddausi, kin kashe aurenki da hannunki, amma aƙalla ke kika kashe shi.

Sai tsohuwar ta saki bakin mayafin. Ta gyara zama, ta juya fuskarta wajen hasken ƙofa don in gan ta sosai. Bakin nan da aka ce ko 'ya'yan ƙannenta ba su cika ganin sa a buɗe ba, ga shi a gabana, da tsohon shuɗin zanen ado irin na matan Fulani a leɓen ƙasa. Ta yi magana a hankali, da Hausarta mai karkata.

"Yanzu kina ji na, ɓingel am, 'yata?"

"Ina ji, Dada."

"Sau uku na tambaye ki. Yaron nan, ke kike son sa, ko mutanenki ne suke so miki?"

Jama'a, ku auna. A gaban Innata. A gaban Goggo. Ido cikin ido, don ba ni da damar sunkuyawa, in na sunkuya ba zan ji abin da za ta ce ba. Fuskata ta ɗau zafi kamar na leƙa tukunya.

"Ni nake son sa."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Goggo ta kama salati ƙasa-ƙasa. Gefen bakin Dada ya ɗan motsa, ban sani ba ko murmushi ne.

"Wadda ta sunkuya ɗazu, ban san me zan ce da ita ba," ta ce. "Ke na ji ki." Ta ɗauki kofin zoɓo ta kurɓa, ta ajiye. "Hanzala ya san zancen kunnen?"

Nan ƙarfin halina ya ɗan yi rawa. "Bai sani ba."

"Wata uku?"

"Wata uku."

Ta girgiza kai. "Kunne ba laifinki ba ne. Wannan kam naki ne. Ni ba zan ɗaukar miki shi ba, na tsufa da dako. Yana waje. Ki je ki gaya masa da bakin da kika gaya min. Abin da ya ce, shi zan kai wa baffanninsa."

Na miƙe. Na ratsa tsakar gida, na wuce randa, na wuce igiyar shanya, ina shirya magana ina rushewa. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na tsaya a bakin zaure na turo masa saƙo.

*Shigo. Ina da magana.*

Ya shigo da farar jamfarsa, hular a ɗan karkace saboda iskar moto. Na zauna a kan bencin zance, can ƙarshe, na bar masa wuri ta hagu, wajen ƙofa, don nan ne kusa da shi. Bai zauna ba. Ya zagaya ta gabana, ya tsaya ta dama inda babu wuri, ya jira har na matsa. Ya zauna, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena.

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Juma'ar da ta wuce, ta nan ya zauna. Wadda ta gabace ta ma haka. Mutumin da shekara guda yake zance yana kallon takalminsa, yaushe ya fara kallona in zai yi magana? Yaushe ya daina turo murya?

"Hanzala..."

"Sati biyu bayan sallah na gan ki a babbar kasuwa, wajen masu tattasai," ya ce, a hankali, yana buɗe baki yadda zan gani. "Ina gefenki na hagu, kamar daga nan zuwa ƙofar can. Na kira ki sau huɗu. Mai tattasan ma sai da ya juyo."

Ruwa ya fara sauka a kan kwanon zauren, ɗai-ɗai, Malam Fito ya ja baya, na ji muryarsa tas. Babu dariya a fuskarsa, babu kuma fushi. Da fushin ne ma da ya fi min sauƙi.

"Kunnen bai taɓa damuna ba, Fiddo. Wata uku nake zama ta nan ina jiran ranar da za ki yarda da ni." Ya ajiye makullin moto a tsakaninmu, ya harɗe hannu. "To ga ni. Fara daga farko, ina ji."